Wa Zai Kwance Igiyar In Ruwa Ya Zo da Dare?

Igiya idan ta jiƙe ba ta kwantuwa. Ƙullin da ka yi da yamma da hannu ɗaya, in ya sha ruwa sai ya kumbura ya ƙanƙame, ko farce ba ya shiga. Ina ɗan shekara 14 na koyi wannan, cikin wani dare da ruwa ya shigo mana gida ba sallama. Manya suka sunkuci ƙananan yara da buhunan hatsi, ni kuma aka ce in ruga in saki awaki. Su shida ne ɗaure a turke, ruwa ya kai musu ƙirji, suna ta fizge-fizge, kowace fizga tana ƙara ɗaure ƙullin. Na kwance huɗu, da yatsa da haƙori. Kafin in je in lalubo wuƙa cikin duhu in dawo, biyun da suka rage sun daina kuka.

Ba wanda ya ga laifina. Amma abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne, ni nake ɗaure awakin nan kullum, ni nake kai su kiwo, kowa a gidan ya san in wani abu ya taso ni za a tura, duk da haka ba a taɓa zaunar da ni an ce mini ga yadda za ka yi ba. Ba a ce in riƙa ƙullin zarge wanda ake ja sau ɗaya ya warware ba. Ba a rataye wuƙa kusa da turke ba. Huɗun da na saki ma ban san inda zan kora su ba, sai suka bazu, aka yi kwana biyu ana nemansu.

Bayan shekaru masu yawa na halarci wani taro da aka kira don shirin tunkarar ambaliya a wani ƙauye na manoma da makiyaya. Samari ne suka share wurin, suka jera kujeru, suka ɗaura lasifika. Da baƙi suka iso aka fara magana, sai na hange su a waje, sun yi cirko-cirko a bakin taga. A ciki ana ta tsara wace hanya za a bi da garke, wane tudu za a nufa, wa zai sanar da wa. Kusan duk wanda ke cikin ɗakin ya wuce shekarun da zai bi saniya da gudu cikin taɓo. Masu bin saniyar suna waje. Tun ranar nake riƙe da ra'ayin da nake son faɗa a nan: wanda zai kwance igiya ranar masifa, da shi ya kamata a zauna ranar shiri, kuma a ba shi aiki na gaske mai sunansa a kai, ba jera kujeru ba.

Asarar da ake magana a kai ba ƙarama ba ce. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da rahoto a 2023 inda ta ƙiyasta cewa cikin shekara 30 bala'o'i sun cinye amfanin gona da dabbobi na kimanin dala tiriliyan 3.8, wato kusan dala biliyan 123 kowace shekara. Ambaliyar Pakistan ta 2022 ta shafi mutum miliyan 33, ta kashe dabbobi sama da miliyan ɗaya. A Habasha da Kenya da Somaliya, damina biyar a jere ta gaza daga ƙarshen 2020, dabbobi fiye da miliyan 13 suka mutu. A Mongoliya sanyi ne, ba fari ko ruwa ba: hunturun 2023 zuwa 2024 ya kashe dabbobi sama da miliyan 7. Waɗannan lambobi suna da nauyi, amma ga mai akuya shida, biyu ma sun isa su sauya masa shekara. Dabba ita ce asusun talaka, ita ce kuɗin magani da kuɗin makaranta, ita ce abin da zai sayar ya sayi iri in gona ta lalace. In gona da garke suka tafi tare a dare ɗaya, ba abin da ya rage da zai tayar da ɗayan.

Akwai kuma wani abu da masu tsara shirin gaggawa suka daɗe ba su gane ba: mutum ba ya gudu ya bar dabbarsa. Ana cewa a tashi, sai ya ce to, ya tura iyali, shi ya tsaya. Ko ya tafi, ya saci jiki ya dawo da dare ya duba garke, ruwa ya rutsa da shi a hanya. Wannan ba halin wata al'umma ɗaya ba ne. A Amurka, lokacin guguwar Katrina a 2005, mutane da dama sun ƙi barin gidajensu saboda an hana su shiga motocin ceto da karnukansu da kyanwoyinsu, har sai da aka yi doka a 2006 da ta wajabta sa dabbobin gida cikin shirin kwashe jama'a. A Japan a 2011, da aka kwashe mutane daga kilomita 20 na kewayen tashar nukiliya ta Fukushima bayan haɗarin da ya auku a tashar, an bar dubban shanu da aladu a kulle cikin shingayensu, da yawa yunwa ta kashe su. Saboda haka shirin ceton dabba ba ƙari ba ne a kan shirin ceton mutum. Sau da yawa shi ne mabuɗinsa.

Ƙasar da na fi ganin ta fahimci haka ita ce Bangladesh. Guguwar Bhola ta Nuwamban 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000. Bayanta aka kafa shirin 'yan sa-kai na gargaɗin guguwa, haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da ƙungiyar agaji ta Red Crescent, wanda yau yake da mutane sama da 70,000, kusan rabinsu mata, kowa a ƙauyensu. Kayan aikinsu ba wasu na a zo a gani ba ne: tuta, lasifikar hannu, rediyo, keke. Aka kuma gina tuddai na ƙasa da ake kira killa, musamman don a hau da dabbobi. A Mayun 2020, da guguwar Amphan ta tunkaro, an kwashe mutum kimanin miliyan 2.4 da dabbobi sama da rabin miliyan, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su wuce 'yan gommai ba. Tauraron ɗan'adam ya hango guguwar, gaskiya ne. Amma tauraro ba ya ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar da ba ta ji sosai, ba ya ja mata ɗan maraƙinta zuwa tudu. Ƙafa ce take yin wannan, kuma ƙafar da ta fi sauri a kowane gari an san ta wa ce.

Wata hukuma ta duniya kan daidaita rayuwa da sauyin yanayi, Global Commission on Adaptation, ta ce a rahotonta na 2019 gargaɗin awa 24 kacal yana iya rage ɓarna da kashi 30 cikin ɗari. A 2022 kuma babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, ya sa burin cewa kafin ƙarshen 2027 kowa a duniya ya kasance yana samun gargaɗi da wuri. Buri ne mai kyau. Sai dai saƙo ya shigo waya ba shi ne gargaɗi ba. Sai wani ya karanta, ya gane cewa milimita kaza na ruwan sama a can mafarin rafi yana nufin rafin nan zai haura gadar nan kafin asuba, ya faɗa da harshen da mutane ke ji, kuma a yarda da shi. Karatun da wayar galibi suna hannun matasa. Yardar ce ba su da ita, kuma ba ranar da ruwa ya taso ake samunta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To wane aiki nake cewa a ba su? Na farko da nake so in gani a hannunsu shi ne littafin ƙidaya. Gida nawa ne, dabba nawa a kowane gida, wace iri, ina take kwana, a ɗaure ko a sake, wa ke da ciki, wane gida ne ba namiji mai ƙarfi ko mace mai ƙarfi da za ta kora garke, wane gida ne mai shi makaho ne ko gurgu. Wannan littafin shi ne zai nuna cewa gida bakwai a layin kwari ba su da mai kwance musu igiya, sai a raba su tun yanzu, kowane gida da sunan saurayi ko budurwar da ke da alhakinsa. Shi ne kuma zai zama hujja ranar da aka zo rabon tallafi, kowa yana cewa ya yi asarar ashirin. A haɗa da hoton kowace babbar dabba a waya, da alamar jikinta, domin bayan ambaliya garkuna suna cakuɗewa a kan tudu ɗaya, kuma rigimar wannan tawa ce ta sha raba maƙwabta fiye da yadda ruwan ya raba su.

Sai taswira, wadda ba a zana ta a ɗaki. A taka da ƙafa daga kowane garke zuwa tudu, a duba agogo. Tafiyar da mutum ke yi cikin minti 20, garke mai 'yan maruƙa zai iya cin awa guda. A nan ne ilimin mai kiwo ke fitowa, irin wanda jami'in da ya zo daga birni ba shi da shi. Yaron da ke bin shanu ya san cewa ba a kora garke daga baya kawai, akwai saniyar da in ta wuce gaba sauran za su bi, in ta toge kowa ya toge. Ya san jaki in ya ƙi shiga ruwa ko duka ba ya motsa shi. Ya san tumaki a firgice sukan dunƙule wuri ɗaya su ƙi gaba su ƙi baya, kuma kaji da dare ba sai an bi su ba, ana tsintar su ne a zuba a kwando. Ya san dabba ba ta son baƙuwar hanya, balle cikin duhu da tsawa. Maganin wannan ɗaya ne, a bi da su hanyar tudun sau biyu ko uku a ranakun lafiya har su saba. Atisaye ke nan, kuma ba ya cin ko kwabo.

Na gona ya fi sauƙin faɗa. A yashe magudanan ruwa kafin damina. A ɗaga abincin dabbobi a kan rumfa, domin ciyawar da ta jiƙe ta yi funfuna guba ce. A ware iri, a busar da shi sosai, a zuba a abin da iska ba ta shiga, a rataye sama, wani kason kuma a kai gidan ɗan'uwa da ke kan tudu. Inda gobarar daji ce abin tsoro, a share fili mai faɗi a kewayen gona da rumbu tun ciyawa ba ta bushe ba. Inda fari ne, a riƙa auna rijiya da tafki kowane mako ana rubutawa, domin a san lokacin rage garke tun dabba tana da nama a jikinta, kafin kowa ya kwaso tasa kasuwa rana ɗaya a rasa mai saye.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jinta. Za a ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ban musa ba, kuma a wannan fage karin maganar tana da gaskiya ta musamman. Dattijo ne ya san inda ruwa ya kai a babbar ambaliyar da aka yi kafin a haifi iyayen waɗannan yara. Shi ya san tsohuwar hanyar rafi da aka cike aka yi gini a kai, wadda ruwa bai manta da ita ba. Amma wannan sanin yana cikin kan mutum uku ko huɗu ne, kuma kowace shekara ana rasa ɗaya. In har muna girmama shi da gaske, sai mu tura matasa da littafi da waya su zauna gaban dattawan, su bi su zuwa bishiyar da suka ce ruwa ya kai reshenta, su shafa fenti a wurin. Girmama ilimin manya ba shi ne a bar shi ya shiga kabari da su ba.

Kuma akwai ranar da babba ba ya nan, ko yana nan amma ya yi kuskure. A garin Kamaishi na Japan, wani malamin jami'a, Toshitaka Katada, ya yi shekaru yana koya wa 'yan makaranta abin da za su yi in igiyar ruwan tsunami ta taso: kada su dogara da taswirar da ta ce wurinsu lafiya, su yi iyakar ƙoƙarinsu, kuma su zama na farkon gudu ba tare da jiran kowa ba. Ranar 11 ga Maris, 2011, ɗaliban wata ƙaramar sakandare suka fita da gudu, 'yan firamaren da ke kusa suka gan su suka bi, manyan suka riƙe hannun ƙanana. Da suka isa wurin da aka ware don fakewa suka ga bai isa ba, suka ƙara hawa sama. Ruwan ya shanye makarantun duka biyu. Garin ya rasa mutum sama da 1,000, amma cikin ɗalibansa kusan 3,000 kusan duka sun tsira. Abin da ya cece su ba biyayya ba ce kawai, an koya musu su yanke shawara da kansu, kuma an maimaita musu har ya shiga jiki.

A fannin dabbobi ma an gwada an gani. Cutar bushiya, wadda ta yi ƙarnuka tana share garkunan shanu a Afirka da Asiya da Turai, an sanar da kawar da ita daga duniya a 2011, ita ce cuta ta biyu da ɗan'adam ya taɓa kawarwa bayan agana. Wuraren da ta fi daɗewa su ne inda malaman dabbobi ba sa iya kaiwa, irin su yankin Afar na Habasha da kudancin Sudan lokacin yaƙi. A shekarun 1990, da aka samu allurar rigakafi mai jure zafi, sai aka horar da makiyaya da jama'arsu suka zaɓa, aka ba su allurar suka shiga daji da ƙafa. Masu takardu da yawa sun yi shakkar za su iya, suka kuma iya. Haka da fara ta afka wa gabashin Afirka a 2019 da 2020, mafi muni da Kenya ta gani cikin shekara 70, an yi amfani da manhajar waya mai suna eLocust3m, mutanen karkara suna ɗaukar hoto suna tura inda suka ga fara ta sauka ko ta yi ƙwai. Tarin fara mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya yana cin abincin mutum 35,000 a yini, kuma an fi samun galaba a kanta tun tana ɗango, ba ta yi fiffike ba. Wanda ke yawo a daji kullum shi ke fara ganin ɗango.

Yarjejeniyar Sendai ta 2015 kan rage haɗarin bala'o'i, wadda ƙasashen duniya suka amince da ita, ta ambaci yara da matasa a matsayin masu kawo sauyi da ya kamata a ba su fili. An rubuta, an sa hannu. Abin da nake gani a ƙasa shi ne sau da yawa filin ya tsaya a riga mai tambari, da tattaki ranar 13 ga Oktoba, ranar da duniya ta ware don wannan batu, a ɗauki hoto a watse. Yara suna gane lokacin da ake ado da su. Shi ya sa shekara ta biyu ba sa zuwa, sai a ce matasan yanzu ba su da kishi.

In na ce matasa kuma ba samari kaɗai nake nufi ba. A wurare da yawa a duniya awaki da tumaki da kaji a hannun mata da 'yan mata suke, su suka san wadda ba ta ci abinci ba jiya, su ne kuma ke gida lokacin da maza suka tafi ci-rani. Ƙananan dabbobin nan su ne suka fi saurin nutsewa, su ne kuma aka fi mantawa a lissafi. Kwamitin da babu 'yan mata a ciki zai tsara ceton shanu, ya bar akurki.

Akwai iyaka, kuma ina so in faɗe ta da ƙarfi domin na taɓa zama yaron da aka tura. Sa matasa a shiri ba lasisi ba ne na tura su cikin haɗari. Ruwa mai gudu wanda bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Matashi kuwa yana da zafin jini, yana jin kunyar a ce ya ji tsoro, zai faɗa ruwa saboda tunkiya ɗaya in ba a hana shi ba. Don haka darasin farko a horon shi ne lokacin da ake barin dabba: a yanke igiya, a buɗe shinge, a juya, domin dabbar da aka saki takan nemi tudu da kanta. Ba mai fita shi kaɗai, ba mai komawa bayan an ce a janye. Bayan ruwa ya ja ma haɗarin bai ƙare ba. Mushe yana ɗauke da cuta, kuma zazzaɓin Rift Valley da ke ɓarkewa bayan ruwa mai yawa, kamar yadda ya yi a gabashin Afirka a 1997 da 2006, yana kama mutum ta jinin dabba da ɓarin cikinta. Ba a sa yaro jan mushe da hannu tsirara. Ƙididdigar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 2020 ta nuna yara miliyan 160 ne ke aikin da bai dace da shekarunsu ba, kashi 70 cikin ɗari a noma da kiwo. Kada shirin ceto ya zama wata ƙofar ƙara musu kaya. Ɗan shekara 12 ya iya ƙirga dabbobi, ya karanta ma'aunin ruwan sama, ya busa usur. Kora garke da dare aikin wanda ya haura 18 ne kuma aka horar.

Maganar haƙƙi ita ma kada a kauce mata. Sa-kai yana da daraja, amma in akwai kasafin da ke biyan alawus na masu zuwa taro daga nesa, to akwai na tocila da takalmin roba da katin waya ga wanda zai fita ƙarfe biyun dare. A ba su horon da za su ci moriyarsa ko babu bala'i: duba lafiyar dabba, taimakon farko, adana iri, iyo. A ba su takardar shaida. A ba su kujera a kwamiti mai ƙuri'a, ba kujerar 'yan kallo ba, kuma in suka ce hanyar da manya suka zaɓa tana da kwazazzabo da ya buɗe bara, a tashi a je a gani. Matashin da ya ga maganarsa ta sauya taswirar garinsu yana da dalilin zama a garin.

A gidan da nake yanzu akwai awaki, kuma ɗiyar ƙanwata ce mai shekara 15 take kula da su. Kafin daminar da ta wuce mun tsaya a turke ni da ita, na nuna mata ƙullin zarge, ta yi ta maimaitawa har ta iya shi ido rufe. Muka jiƙa igiyar da gangan muka gwada, ja ɗaya ya warware. Mun kora su zuwa tudu sau uku, na farko minti 40, na uku minti 25. Ita ce ta lura cewa jar akuyar nan ce sauran ke bi, ni ban sani ba. Ita ce kuma ta ce wuƙar da na rataye ta yi sama da yawa, ƙanenta ba zai kai ba in ita ba ta nan, muka sauko da ƙusar.